Mao Zedong: ɗan juyin juya hali ne, ko wani sarkin ne ya sauya riga?

Dan_Kwari:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Masu tarihi ku taso, ina da magana. Kullum ana ce mana Sinawa sun kawar da sarauta a 1912, daga baya Mao ya kawo mulkin talakawa a 1949. To ni dai abin da idona ya gani a Beijing ya saɓa da haka. Tiananmen ƙofa ce ta shiga harabar sarakuna, a kanta ya tsaya ranar 1 ga Oktoba 1949 ya yi shelar sabuwar ƙasa, a jikinta kuma hotonsa yake har gobe. Inda ya zauna, Zhongnanhai, lambun sarakuna ne da ke maƙwabtaka da fadar. Gawarsa tana kwance a tsakiyar dandali, mutane na bin layi da furanni a hannu. Fuskarsa ce a kan takardun kuɗi tun daga yuan 1 har 100. Idan wannan ba sarki ba ne, ku gaya mini waye sarki. Ni a ganina daular Qing ta faɗi, wata daular ce ta hau, suna kawai aka sauya.

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ba kai ka fara wannan magana ba, masana sun daɗe suna ja a kanta, kuma kana da abin riƙewa. Tun zamanin daular Zhou, fiye da shekara dubu kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sinawa suke da aƙidar cewa mulki amana ce daga Sama. Idan sarki ya lalace, ambaliya da yunwa da bore suka yawaita, to an karɓe amanar, kuma duk wanda ya iya kayar da shi ya kafa tsari, shi ne sabon mai ita. Ba a tambayar ɗan gidan waye. Liu Bang da ya kafa daular Han a shekara ta 202 kafin Annabi Isa ɗan manoma ne. Zhu Yuanzhang da ya kori Mongol ya kafa daular Ming a 1368 maraya ne, annoba da yunwa suka kashe iyayensa, ya shiga gidan ibadar Buda, har bara ya yi. Saboda haka ɗan manomi daga ƙauyen Shaoshan na lardin Hunan, wato Mao, ya tara rundunar ƙauyawa ya ci Beijing, wannan ba baƙon labari ba ne a kunnen Basine.

Kuma shi Mao bai ɓoye ba. Mutum ne mai yawan karanta tarihin dauloli. A wata waƙa da ya rubuta a 1936 ya jero manyan sarakunan da suka shuɗe, da Qin Shi Huang da Han Wudi da Tang Taizong har da Genghis Khan, ya nuna kowanne da inda ya gaza, ya ce gwarazan gaske sai a wannan zamani. A 1958, a taron jam'iyya, ya ce Qin Shi Huang, sarkin farko da ya haɗe ƙasar Sin, malamai 460 kawai ya binne, su kuwa sun binne 46,000. Wanda yake auna kansa da sarakuna haka, ai ba za a ga laifin mai kiransa sarki ba.

Dalibi_a_Wuhan:
Allah gafarta Malam, ina da ja. Ginshiƙin daula gado ne. Wa ya gaji Mao cikin 'ya'yansa? Babban ɗansa Mao Anying ya mutu a yaƙin Koriya a 1950. Da Mao ya rasu ranar 9 ga Satumba 1976, Hua Guofeng ne ya hau, ba dangin iya ba na baba. Ba a cika wata guda ba aka kama matarsa Jiang Qing, a 1981 kotu ta yanke mata hukuncin kisa, daga baya aka mai da shi ɗaurin rai da rai. A wace masarauta ake yi wa uwargidan sarkin da ya kafa gida haka, kuma a ci gaba da girmama shi? In ana neman daular 'yan gurguzu a duba Koriya ta Arewa, kaka, uba, jika. Sin ba haka take ba.

Sannan Zhu Yuanzhang da ya hau bai rushe tsarin masu gonaki da bayi da babanni da ƙwaraƙwarai ba, ya zauna a kansa ne. Mao ƙwace gonaki ya yi daga masu su ya raba, dokar aure ta 1950 ta hana auren dole da ajiye ƙwarƙwara. Ko ka so shi ko ka ƙi shi, wannan ba aikin mai son gadon kujerar da ya tarar ba ne.

Dan_Kwari:
Ƙanena, gonakin da ya raba ai bai bar musu ba. Shekara nawa aka yi ya tattare su cikin gandun gwamnati?

Hajiya_Fagge:
Ni ku bar ni da siyasa, tambaya ce da ni. Wannan Qin Shi Huang da Malam ya ambata, shi ne ya gina Babbar Ganuwa ko? Da muka je saro kaya aka kai mu Badaling, wallahi ban kai hasumiya ta uku ba gwiwoyina suka ce sun gaji, matakalar wata doguwa wata gajera kamar da gangan. Ɗan rakiyarmu ya ce ginin ya haura shekara dubu biyu, kuma ana hango shi daga duniyar wata.

Injiniya_Bala:
Hajiya, ɗan rakiyar nan ya sha ku da daɗin baki har sau biyu. Wadda kika taka a Badaling ta daular Ming ce, wato tsakanin 1368 da 1644, da dutse da tubalin da aka gasa. Ta Qin Shi Huang tana can arewa sosai, yawancinta ƙasa ce da aka daddaɓe da tsakuwa, kaɗan ya rage. Shi ma ba daga tushe ya fara ba. Bayan ya haɗe ƙasashen da ke yaƙi da juna a shekara ta 221 kafin Annabi Isa, ya tura janar ɗinsa Meng Tian da mutum kusan 300,000 suka haɗa ganuwoyin da ƙananan sarakuna suka riga suka gina. Kuma ba ganuwa ɗaya ba ce miƙaƙƙiya. Binciken da hukumomin Sin suka fitar a 2012 ya ce idan aka tara duka rassan na dauloli daban-daban sun kai kilomita 21,196, ta Ming kaɗai kusan 8,850.

Batun wata kuwa, ɗan sama jannatin Sin na farko, Yang Liwei, da ya dawo a 2003 an tambaye shi ya ce bai gan ta ba. Shi da yake zagaye kusa da duniya ke nan. Tsawo gare ta, amma faɗinta bai fi na titi ba.

Hajiya_Fagge:
Oh ni 'yasu. Har kuɗin goro muka ƙara masa.

Kawu_Sule:
Abin dariyar ma, duk wahalar da Ming suka sha ganuwar ba ta tsare su ba. A 1644 ɗan tawaye Li Zicheng ya ci Beijing daga cikin gida, sarki Chongzhen ya hau tudun da ke bayan fada ya rataye kansa. Janar Wu Sangui da ke tsaron mashigar Shanhai, inda ganuwar ta gangara teku, sai ya buɗe wa Manchu ƙofa don su taya shi yaƙar ɗan tawayen. Suka shigo, suka ƙi fita, suka yi mulki shekara 268 da sunan daular Qing. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma wannan yana taimakon maganar Dan_Kwari ta wani gefen: Manchu baƙi ne, harshensu daban, amma da suka zauna a fadar sai kujerar ta mai da su sarakunan Sin sak. Wa ya ce ba ta yi wa 'yan gurguzu haka ba?

Yar_Zazzau:
Kawu, ni abin da ya hana ni yarda shi ne abin da aka yi wa kayan tarihi. Sabon sarki a Sin yakan girmama kaburburan waɗanda ya gada ko da maƙiyansa ne. Kangxi na Qing ya je Nanjing ya durƙusa a kabarin wanda ya kafa Ming. Amma ku dubi 1966, lokacin Juyin Al'adun da Mao ya ƙaddamar, da aka saki matasa Jajayen Dakaru a kan abin da suka kira tsofaffi huɗu: tsohon tunani, tsohuwar al'ada, tsofaffin ɗabi'u da tsofaffin halaye. A watan Nuwamba suka je Qufu, garin Confucius, babban malamin falsafar Sin na dā, suka farfasa allunan dutse, suka tone maƙabartar zuriyarsa. A kaburburan Ming da ke wajen Beijing suka fito da ƙasusuwan sarki Wanli da na matansa biyu, suka yi musu shari'a a bainar jama'a, suka ƙone. Mutumin da ya mutu tun 1620! Ganuwar birnin Beijing kanta an rushe ta, aka shimfiɗa titin zobe da layin jirgin ƙarƙashin ƙasa a gurbinta, duk da roƙon da masanin gine-gine Liang Sicheng ya yi a bar ta a mai da samanta wurin shan iska. Wane sarki ne zai yi wa gadonsa haka?

Malam_Tarihi:
Qin Shi Huang mana, 'yata. A shekara ta 213 kafin Annabi Isa ya ba da umarnin ƙona littattafan tarihin sauran ƙasashe da na mabiya Confucius, aka bar na magani da noma da duba. Manufar ɗaya ce, kada kowa ya auna mai mulkin yau da na jiya. Shi ma ya rushe tsarin 'yan gado, ya yanka ƙasa larduna ya naɗa ma'aikata, ya daidaita rubutu da awo da kuɗi har da faɗin ƙafafun keken doki. Irin sarkin da Mao ya yi kama da shi ke nan, mai rushewa ya gina sabo, ba mai gadon zama ba. Labarin binne malamai da rai dai wasu masana na zamani suna shakkarsa, domin wanda ya rubuta shi, Sima Qian, ma'aikacin daular Han ne, kuma Han na da dalilin ɓata sunan Qin.

Dalibi_a_Wuhan:
Yaya Yar_Zazzau, gaskiya ne an yi ɓarna, Sinawan da nake karatu da su ba sa musu. Amma a faɗi ɗaya gefen. A watan Agustan 1966 firayim minista Zhou Enlai ya sa aka rufe ƙofofin Haramtaccen Birni, wato fadar sarakuna ta Beijing, ya kawo sojoji, bai sake buɗewa ba sai 1971. Shi ya sa har yau ginin da sarki Yongle ya kammala a 1420, inda sarakuna 24 suka zauna, yake tsaye. Kuma ba 'yan gurguzu ne suka fara ba. Tsohuwar fadar bazara ta Yuanmingyuan sojojin Ingila da Faransa ne suka wawushe ta a 1860, Ingila ta cinna mata wuta, kayanta har yau suna gidajen tarihi da wuraren gwanjo a Turai. Mu da aka kwashe wa tagullan Benin a 1897 ai mun san zafin wannan.

Baban_Ummi:
Ku yi ta maganar duwatsu da ƙasusuwan matattu. Rayayyun fa? Tsakanin 1958 da 1961, sakamakon shirin nan na Mao na tsallake babban mataki, aka tilasta wa manoma barin gona suna narka tukwane da fartanya a bayan gida wai za su yi ƙarfe, shugabannin gunduma suna ƙara alƙaluman amfanin gona don su burge na sama, gwamnati tana karɓar hatsi bisa lissafin ƙarya. Masana sun saɓa a kan adadin waɗanda yunwa ta kashe, amma mafi ƙarancin ƙiyasi miliyan 15 ne, wasu suna kaiwa 45. Ministan tsaro Peng Dehuai da ya rubuta wa Mao wasiƙa a taron Lushan na 1959 yana faɗin gaskiya, tsige shi aka yi. Inda mutum ɗaya zai yi kuskure miliyoyi su mutu kuma babu mai iya ce masa kul, ni ban damu da sunan da za ku ba kujerar ba.

Dalibi_a_Wuhan:
Baba, ban musa ba. Amma matsakaicin tsawon rai a Sin bai kai shekara 45 ba a 1949, ya haura 60 kafin mutuwar Mao. Duka biyun sun faru a ƙasa ɗaya.

DanDamagaram:
Salamu alaikum daga Zinder. Kowa Mao, Mao. Wanda ya kawar da sarautar fa? Mu a lakol Sun Yat-sen aka koya mana. Ina matsayinsa a wannan muhawara?

Malam_Tarihi:
Madalla da ka tuno shi, ɗan'uwa. Sun likita ne, ya yi karatu a Hawaii da Hong Kong, ya shafe shekaru yana gudun hijira yana tara kuɗi a wurin Sinawa mazauna waje. Lokacin da sojoji suka yi bore a Wuchang ranar 10 ga Oktoba 1911 yana Amurka, a jarida ya gani. Ya dawo aka rantsar da shi shugaban riƙo ranar 1 ga Janairu 1912, amma ba shi da runduna. Mai runduna Yuan Shikai ne, janar ɗin Qing. Sai aka yi ciniki: Yuan ya sa fada ta sauka, Sun ya bar masa kujera. Ranar 12 ga Fabrairu yaro Puyi, ɗan shekara 6, ya sauka.

Ga abin da zai yi wa Dan_Kwari daɗi. Kwana uku bayan haka Sun ya ɗebi muƙarrabansa suka tafi kabarin Zhu Yuanzhang a Nanjing, ya sanar da mataccen sarkin cewa an kori Manchu. Uban jamhuriya ke nan yana kai rahoto ga sarkin Ming. Da ya rasu a 1925 kuma, aka gina masa hubbare a kan dutsen nan dai, kusa da na sarkin, mai matakala 392. Shi kuwa Yuan, a ƙarshen 1915 ya naɗa kansa sarkin sarakuna. Larduna suka tayar, bayan kwana 83 ya janye, a watan Yunin 1916 ya mutu. Wannan kuma zai yi wa Dalibi daɗi, don ya nuna sunan sarki kansa ya riga ya mutu a ƙasar, duk mai son iko sai ya nemi wata riga.

Uwar_Biyu:
Yaron da aka sauke fa, kashe shi suka yi?

Kawu_Sule:
A'a. An bar shi a cikin fada da babanninsa har 1924 da wani janar, Feng Yuxiang, ya kore shi, a 1925 aka mai da wurin gidan tarihi. Japan ta ɗauke shi ta ɗora a kan Manchukuo, ƙasar da ta ƙirƙira a arewa maso gabashin Sin, sarkin jeka-na-yi-ka. Sojojin Rasha suka kama shi a 1945, suka miƙa wa Sin a 1950, ya yi shekaru a gidan yarin Fushun yana koyon ɗaure igiyar takalmi da wanke kayansa. A 1959 aka yi masa afuwa, ya kama aiki a lambun tsirrai na Beijing, ya rasu a 1967 yana talaka. Rasha ta harbe nata sarkin da 'ya'yansa a 1918. Mao ya ga ya fi riba a nuna wa duniya sarki yana ban ruwa.

Ustaz_Nura:
Tunda an zo kan wuraren tarihi, kada a manta da na Musulmi. A Juyin Al'adu an rufe masallatai, an ƙona littattafai. A 1975 a garin Shadian na lardin Yunnan sojoji suka kashe Musulmi 'yan ƙabilar Hui kusan 1,600 bayan rikici a kan buɗe masallatai, daga baya jam'iyya ta amsa cewa an yi zalunci. Alhali a zamanin Ming, Musulmi Zheng He shi ne ya jagoranci jiragen ruwan sarki sau bakwai daga 1405 zuwa 1433, har gaɓar Afirka ta Gabas. Babban masallacin Xi'an yana nan, in ka gan shi daga waje ka ce gidan sarautar Sin ne, sai ka shiga ka ga ayoyi a jikin katako.

Dan_Kwari:
Ustaz, a Guangzhou ma akwai kabarin sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, can muke sallar Juma'a, jama'a har waje.

Ustaz_Nura:
Masallacin na gaske ne Alhaji, kuma Musulunci ya daɗe a garin tun zamanin Tang ta hanyar fatake. Amma abin da malaman tarihinmu suka tabbatar shi ne Sa'ad (RA) a Aƙiƙ ya rasu kusa da Madina, aka binne shi a Baƙi'a. Na Guangzhou ruwayar Musulmin Sin ce.

Yar_Zazzau:
Ina karanta yadda muke jin haushin rushe ganuwar Beijing ina dariya. Badalar Kano da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu fa? Ba Jajayen Dakaru, ba umarnin kowa, mu da kanmu muke kwasar ƙasarta muna yanka filaye. Su aƙalla Deng Xiaoping ya ƙaddamar da gangamin gyaran tasu a 1984, a 1987 UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya tare da fadar Beijing da kabarin Qin.

Shugaban_Zaure:
Jama'a maganar badala a buɗe mata nata zaren, na san inda za ta kai mu. A dawo kan tambayar Alhaji.

Injiniya_Bala:
To ga abin da ya haɗa mutanen biyu. A watan Maris 1974 manoma suna haƙa rijiya a Lintong, gabas da Xi'an, suka ci karo da kan mutum na yumɓu. Ashe rundunar Qin Shi Huang ce, an ƙiyasta sojoji kusan 8,000 da dawakai da kekunan yaƙi, kowanne tsayin mutum, fuskokinsu ba iri ɗaya ba. Ku lura da shekarar. Juyin Al'adu bai ƙare ba, kuma a daidai lokacin ana gangamin sukar Lin Biao, tsohon mataimakin Mao, da Confucius, jaridun gwamnati suna yabon Qin Shi Huang a matsayin wanda ya haɗa kan ƙasa ya murƙushe masu ra'ayin riƙau. Kabarin Confucius an farfasa, na wanda ya ƙona littattafan mabiyansa an kewaye shi an gina wa sojojinsa rumfa, aka buɗe wa jama'a a 1979. Ba duk tsohon abu aka ƙi ba, zaɓe aka yi.

Uwar_Biyu:
Shi sarkin an ga gawarsa?

Injiniya_Bala:
Ba a buɗe ba Hajiya. Tudun kabarin yana nan kamar kilomita ɗaya da rabi daga ramin sojojin. Sima Qian ya rubuta cewa an yi koguna da teku na zaiba a ciki, kuma gwajin ƙasar tudun ya nuna zaiba fiye da ƙima. Suna tsoron ɓarna ne. Sojojin nan da fenti aka binne su, da iska ta taɓa su sai ya ɓare. Kabarin Wanli da aka buɗe a shekarun 1950 ma siliki da yawa ya lalace tun kafin Jajayen Dakaru su zo, daga nan gwamnati ta daina ba da izinin tone kaburburan sarakuna.

Dan_Kwari:
Na gode Injiniya, ka ƙara mini hujja. Ɗaya yana kwance da sojojin yumɓu, ɗaya yana kwance cikin gilashi da sojoji masu rai a ƙofa. Ina nan kan bakana.

Dalibi_a_Wuhan:
Alhaji, gilashin ba shi ya nema ba. A 1956 Mao yana cikin shugabannin da suka sa hannu a kan a ƙone gawarsu idan sun mutu, waɗanda suka gaje shi ne suka ga suna buƙatar gawar. Kuma a 1981 jam'iyyar ta fitar da matsaya a rubuce cewa Juyin Al'adu bala'i ne kuma alhakinsa na wuyan Mao, duk da ta ce alherinsa ya rinjayi kuskurensa. Tsarin mulkin 1982 ya ƙayyade wa shugaban ƙasa wa'adi biyu don kada a maimaita.

Baban_Ummi:
Wa'adin da aka cire a 2018 kake nufi?

Dalibi_a_Wuhan:
Shi fa, Baba. Wannan kuma sai mun haɗu a gida hutun ƙarshen shekara, daga nan inda nake ba zan yi dogon sharhi a kansa ba.